Filin Amsoshin Tambayoyinku: Jirgin Je-ka-ka-dawo

Wannan makon akwatin saƙonninmu maganar jirgin ƙasa ce ta cika shi, kuma ban yi mamaki ba, kuɗin mota ya kai kowa maƙura. Na tsamo guda huɗu. Amsar ta farko za ta yi tsawo, ku yi mini uzuri, mai tambayar ne ya sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Na ga wani bidiyo a Facebook na jirgin ƙasa a Indiya, mutane sun rataye a bakin ƙofa kamar jemagu. Abokina ya ce ai irin jirgin Kaduna zuwa Abuja ne, cika kawai ya yi. Ni na ce ba iri ɗaya ba ne. Wa ya fi gaskiya, kuma yaushe aka fara irin wannan jirgi? Daga wani ɗalibi a Samaru, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗana, kai ka ci gardamar. Jirgin da ke tashi daga Rigasa zuwa Idu, tafiyar kilomita 186, na matafiya ne. Mutum ya haɗa jaka, ya yi sallama da iyali, ya nemi kujerarsa mai lamba ya zauna. Wanda ka gani kuwa na ma'aikata ne da 'yan kasuwa da 'yan makaranta, masu kwana a bayan gari su wuni a cikin gari. Ni sunan da nake kiransa da shi shi ne jirgin je-ka-ka-dawo, kamar yadda muke ce wa makarantar da ba ta kwana ba. Tashoshinsa kusa-kusa suke, mai shigarsa ba ya tambayar ƙarfe nawa jirgi zai tashi domin in wannan ya wuce wani na bayansa, kuma yawancin fasinjojinsa tikitin wata suke yanka, ba na rana ba. Ya kuma bambanta da jirgin ƙarƙashin ƙasa irin na tsakiyar Landan ko Faris, wanda ke zagaye cikin birni a kan layinsa shi kaɗai. Na je-ka-ka-dawo yakan bi babban layin dogo ne ya fita kilomita 50 ko 60, wani ma ya haura 100.

A Ingila abin ya fara tsayawa da ƙafarsa. A 1836 aka fara buɗe layin Landan zuwa Greenwich a kan wata doguwar gada ta bulo, ɗan gajeren layi ne na masu shiga gari su fito. Amma da farko masu hali ne kawai ke iya biyan kuɗin jirgi kullum, lebura dole ya kwana kusa da inda yake aiki, a ɗakin haya mai cunkoso. Abin da ya juya lamarin rusau ne. Kamfanonin jirgi na rushe unguwannin talakawa don su shigo da layi tsakiyar birni, sai majalisar dokoki ta fara gindaya musu sharaɗi. A 1864 aka ba kamfanin Great Eastern izinin shimfiɗa layi zuwa inda tashar Liverpool Street take a cikin Landan, da sharaɗin zai riƙa ɗauko leburori da asuba daga Edmonton da Walthamstow ya mai da su da yamma a kan kwabo 2 kacal. A 1883 aka yi doka ta gaba ɗaya kan jiragen ma'aikata masu rahusa. Kafin ka ce kwabo waɗannan ƙauyukan sun zama unguwanni maƙil da gidajen ma'aikata. Ka ga ke nan jirgin ne ya zaɓa wa talakan Landan inda zai kwana.

Yanzu bari mu je inda bidiyonka ya fito. Ina kyautata zaton Mumbai ce, wadda iyayenmu suka sani da Bombai. Can jirgin fasinja na farko a Indiya ya tashi, ranar 16 ga Afrilu 1853, daga Bori Bunder zuwa Thane, kilomita 34, da taragu 14 da mutum kusan 400. A watan Fabrairu 1925 aka fara jirgin lantarki daga tashar Victoria, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Chhatrapati Shivaji, zuwa Kurla. Lantarkin nan shi ne sirrin abin. Jirgin kwal yana da nauyin jiki, kafin ya ɗauki gudu an kai tasha ta gaba. Na lantarki kuwa yana fizga nan take, ya tsaya nan take, kuma yana da mazaunin direba gaba da baya, in ya kai ƙarshen layi ba a juya shi, direba ne kawai ke sauya wuri. Yau jiragen Mumbai na ɗaukar mutum sama da miliyan 7 a rana ɗaya. Birnin tsiri ne da shi, teku ta matse shi hagu da dama, ofisoshi na can ƙuryar kudu, gidaje masu araha na can arewa, don haka kowace safiya jama'a ke kwarara kudu, da yamma su kwararo arewa.

Ni na shiga jirgin nan, ba labari aka ba ni ba. A 2016 na raka yayana jinya, muka yi mako shida. Shi yana kwance a wani asibiti ta wajen kudancin birnin, ni kuma kuɗin masauki ya kore ni zuwa Andheri. Ranar farko tasi na shiga, muka yi kusan awa biyu a gosulo, kuɗin da na biya ya isa cefanen kwana uku. Wani ɗan Sakkwato da na tarar a masaukin, ya daɗe yana zuwa sarin magani, ya yi mini dariya ya ja ni tasha. Ya yankar mini tikitin wata na aji na biyu, kuɗinsa bai kai abin da na ba mai tasi a tafiya ɗaya ba. Ya koya mini karanta allon da ke rataye a tasha: harafin C na nufin jirgin zai tsaya ne a Churchgate, A Andheri, V Virar, sannan F mai sauri ne mai tsallake ƙananan tashoshi, S mai tsayawa ko'ina. Ya ce in haddace ta wane gefe dandamali ke zuwa a tashar da zan sauka, dama ko hagu, domin in na tsaya a ƙofar da ba ita ba, sai dai wani jiƙon.

Abu ɗaya ya manta bai gaya mini ba, shi ne kuwa ya ci ni. Wata Laraba da magariba na fito asibiti a gajiye, na ga jirgi mai sauri na Virar, na ce ai yana tsayawa Andheri, na kutsa. Daga Dadar mutane suka ƙara dannowa har ƙafata ta daina taɓa ƙasa sosai. Da muka iso Andheri na yunƙura, ko motsi. Jirgin ba ya wuce rabin minti a tasha. Na ce to Borivali. Nan ma haka, har wani dattijo mai jakar ofis ya harare ni yana faɗa da harshensu. Wani saurayi ne ya fassara mini da Turanci: mutanen Virar tafiyar kilomita 60 ce a gabansu, jiragensu ba su da yawa, ku 'yan Andheri da Borivali kuna da naku, me ya kawo ka cinye musu wuri? Sai a Bhayandar guguwar masu sauka ta yi waje da ni, takalmi ƙafa ɗaya. A nan na yi Magariba da Isha a wani ɗan masallaci kusa da tasha, na sayi silifa, na hau mai komawa wanda kusan babu kowa a ciki. Daga ranar na koyi ladabin wurin: tun saura tasha biyu kake matsowa ƙofa, ka taɓa kafaɗar na gabanka ka tambaye shi inda zai sauka, in ba tashar ku ɗaya ba ku yi musayar wuri.

Da na saba sai na fara ganin tsarin da ke cikin hargitsin. Benci na mutum uku ne amma kowa ya san na huɗu na da haƙƙin ɗosana mazaunai a gefe. Mutane iri ɗaya kan haɗu a tarago ɗaya, jirgi ɗaya, shekara da shekaru, har sun zama kamar 'yan majalisa, wasu na karta a kan jaka, wasu na waƙoƙin addininsu da 'yan kuge. A taragon kaya za ka ga masu kai abincin rana, da fararen huluna, ɗauke da dogayen akwatunan katako cike da kwanukan sha. Tun wajen 1890 ake sana'ar, a lokacin da na je su kusan 5,000 ne, suna karɓo abinci daga gidan mutum a bayan gari su kai masa ofis, su dawo da kwanon. Dalilin sana'ar ma jirgin ne: maigida ya fita tun ba a ɗora tukunya ba, kuma ko an gama, ina hannun da zai riƙe kwano a wannan matsi?

Kada ka ɗauka yabo kawai na zo yi. Ratayar da ka gani a bidiyo kisa take yi. Ƙofofin yawancin jiragen ba a rufe su, saboda zafi da yawan jama'a. Mutum sama da 2,000 ke mutuwa a layukan Mumbai duk shekara, wasu faɗowa suke, wasu turken lantarki ke make su, mafi yawa kuma wajen tsallaka layi da ƙafa ne don gudun hawa gadar sama. A watan Satumba 2017 turmutsutsu a gadar tashar Elphinstone Road ya kashe mutum 23. A ƙarshen shekarar aka fara sa jirage masu na'urar sanyi da ƙofa mai rufe kanta, amma kuɗinsu ya ninka na aji na biyu sau da yawa, talaka na nan a inda yake.

TAMBAYA: Malam, ina yi maka fatan alheri. Ni damuwata cakuɗuwa. A wannan matsatsin da ake faɗa, ina mace za ta sa kanta? Daga wata malamar firamare a Katsina.

AMSA: Malama, tambayarki ta yi ma'ana, kuma ba mu kaɗai ke da wannan damuwar ba. A Mumbai kowane jirgi yana da taragun mata zalla, an yi musu alama, kuma namijin da aka kama a ciki tara zai biya, in ma matan sun bar shi ya kai ga hukuma da mutuncinsa. A ranar 5 ga Mayu 1992 aka fara jirgi sukutum na mata kaɗai tsakanin Churchgate da Borivali a lokacin zuwa aiki da tashi. Matar yayana da ta biyo mu daga baya ita ta ba ni labarin cikinsa, tunda ni ba ni da ikon leƙawa. Ta ce kasuwa ce guda: masu tallar 'yan kunne da ribom da kayan miya na ratsawa, ma'aikaciya ta sayi wake ko alayyafo ta zauna tana gyarawa a cinyarta, kafin ta isa gida rabin aikin girki ya ƙare. Ta kuma ce kada in ɗauka ba a faɗa, rigimar kujera a can ta fi ta maza zafi.

Alƙahira ma ta ware taragun mata a tsakiyar jirgin birninta, wanda aka buɗe a 1987, shi ne na farko irinsa a Afirka, kuma layinsa na farko tsohon layin je-ka-ka-dawo na Helwan ne aka haɗe da wani ta ƙarƙashin ƙasa. Tokyo na yin haka da safe lokacin cunkoso. Abu ne mai sauƙi, fenti ne da ɗan sanda ɗaya. In Allah ya kawo irin wannan jirgi garuruwanmu, wannan na cikin abin da ya kamata ku buɗe baki ku nema tun ana zanen taswira.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni ma'aikaci ne a Abuja, ina zaune a Masaka. Ƙarfe biyar na asuba nake fita, wani lokaci sai tara na dare nake shiga gida, yarana barci na bar su barci na tarar da su. Me ya sa mu ba mu da irin wannan jirgin, alhali an ce mun fi shekara ɗari da layin dogo?

AMSA: Ɗan'uwa, Allah ya sassauta. Na san hanyar Nyanya da Mararaba, na san yadda take tsayawa cik tun daga gadar Karu. Amsar tambayarka tana cikin dalilin da ya sa aka shimfiɗa dogon tun farko. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin reluwe ne a Zariya, kuma yakan ce Bature bai kawo jirgi don kowa ya je aiki ba, gyaɗa da auduga da fata da kuza ya zo kwasa. Layin Baro ya iso Kano a 1911, a 1912 aka haɗe da na Legas. Reshen Ƙauran Namoda da na Nguru duk kaya suka bi. Layi ne tilo mai ƙunci, jirgi biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya jira a tasha, kuma a kan irin wannan ba za ka iya sakin jirgi kowane minti goma ba. Da motoci suka yi yawa, reluwe ta durƙushe, garuruwanmu kuma suka yi ta faɗi suna bin kwalta, dogo na gefe yana tsatsa, 'yan gwanjo na baza kaya a kansa.

Legas ce ta fi kowa yunƙuri. Gwamna Lateef Jakande ya ƙaddamar da aikin jirgin birni a 1983, gwamnatin soja ta soke shi a 1985. Shekaru masu yawa abin da ya rage shi ne tsohon jirgin hukumar reluwe da ke tashi daga Iddo zuwa wajen Ijoko, wanda matasa ke hawa rufinsa. Sai a Satumba 2023 Shuɗin Layi ya fara ɗaukar fasinja daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13, da lantarki. A Oktoba 2024 Jan Layi ya biyo baya, daga Agbado ta jihar Ogun zuwa Oyingbo, kilomita 27, tashoshi 8, ciki har da Agege inda 'yan'uwanmu suka kafa zango tun zamanin fatake, da Ikeja da Oshodi da Yaba. Wannan na biyun shi ne je-ka-ka-dawo na ainihi, domin hanyar babban layin Legas zuwa Ibadan yake bi, kuma inda jama'a ke kwana yake zuwa. Da katin Cowry ake biya, wanda ake shiga manyan bas-bas na jihar da shi.

Naku na Abuja an buɗe shi a Yuli 2018, ya tsaya lokacin korona a 2020, ya dawo a Mayu 2024. Yana haɗa filin jirgin sama da tsakiyar gari ta Idu, da reshe zuwa wajen Kubwa. Na shige shi, yana da tsabta, yana da sanyi. Amma ra'ayina, kuma ban ɓoye shi ba, an fara da inda bai kamata ba. Mai sauka daga jirgin sama yawanci mota na jiransa. Dubban da ke buƙatar jirgi suna Nyanya da Mararaba da Masaka da Suleja, kuma ko ƙarfe ɗaya ba a shimfiɗa ta wajenku ba. Wasu tashoshin ma sai ka hau babur ka ratsa daji kafin ka kai. Dubi Dakar: a Disamba 2021 suka buɗe nasu, kilomita 36 zuwa Diamniadio, suka bi ta Pikine da Thiaroye da Rufisque, wato ta tsakiyar unguwannin talakawa masu cunkoso, kuma jirgi na zuwa kusan kowane minti goma. Wanda ya san in ya rasa wannan wani na tafe, shi ke iya ajiye ƙudurin sayen babur.

Za a ce kuɗi. Gaskiya ne, kuɗin tikiti shi kaɗai da wuya ya riƙe irin wannan jirgi, kusan ko'ina gwamnati na cikawa. Japanawa sun samo wata dabara tun 1910. Wani ɗan kasuwa, Kobayashi Ichizo, ya shimfiɗa layi daga Osaka zuwa ƙauyukan da babu fasinja, ya sayi gonakin gefen layin ya gina gidaje ya sayar da su biya kaɗan-kaɗan, daga baya ya gina katafaren kanti a kan tashar Umeda da ke cikin Osaka. Ribar fili da kanti ta ɗauki nauyin jirgi, jirgi ya kawo wa kanti masu saye. A wurinmu kuwa da an ji za a yi tasha, masu ido da kwalli sun riga sun saye filayen, ribar ta tafi aljihunsu, jirgi ya zauna yana jiran kasafin kuɗi. Kano ma in za ta yi, ba sai an je nesa ba wajen neman fasinja: a tsaya a Dawanau ko Mariri ko Panshekara da ƙarfe bakwai na safe a ƙirga A Daidaita Sahu nawa ke nufar Kantin Kwari da Sabon Gari.

TAMBAYA: Malam, jirgin da muka hau daga Mina zuwa Arfa shi ma yana cikin wannan sahun? Daga wani Alhaji a Maraɗi.

AMSA: Alhaji, Allah ya karɓi ibada. Ƙirarsa ta jirgin birni ce, amma aikinsa daban. An buɗe shi a 2010, tsawonsa kilomita 18, tashoshi 9, uku a Mina, uku a Muzdalifa, uku a Arfa, kuma kwanakin aikin Hajji kaɗai yake aiki, sauran shekara yana ajiye. Babu mai tikitin wata a cikinsa. Sai dai in ka tuna yadda aka tsare ku rukuni-rukuni a bayan shinge, aka buɗe ƙofa, jirgi ya haɗiye mutum dubu uku a tashi ɗaya, wani ya iso kafin ku gama gyara harami, to ka ɗanɗani abin da mutumin Virar ke yi sau biyu a rana, kwana shida a mako. Wanda ke kai ku Madina daga Makka kuwa, wanda aka buɗe a 2018, wannan na matafiya ne, ɗan'uwan na Rigasa, sai dai shi yana gudun kilomita 300 a awa.